Okid na ƙasa: shuka shi daga iri da batun tono shi a daji

Okid dangin furanni ne mai girman gaske, kusan kala 28,000, har banila da ake sa wa kek ma ɗan gidan ne. Yawancinsu a kan bishiyoyi suke maƙalewa, amma akwai waɗanda a ƙasa suke fitowa, su ne okid na ƙasa, kuma da dama cikinsu suna da ɗan dankali a gindi wanda yake riƙe su har rani ko sanyi ya wuce.

Irin okid kamar ƙura yake, in ka fasa kwanson a tafin hannu kai atishawa to shi ke nan ya tafi. Masanin halittu Charles Darwin ya taɓa ƙirga kusan 6,200 a kwanso ɗaya na wani okid ɗin Ingila. Matsalar ita ce irin ba shi da guzuri ko kaɗan, ba kamar masara ko wake da ke zuwa da abincinsu a ciki ba, dole sai wata funfuna ta cikin ƙasa ta shige shi tana ciyar da shi sannan ya kumbura ya zama ɗan farin ƙullutu kamar kan allura, a wasu kalolin ma sai ya yi shekaru a ɓoye kafin ganye ya leƙo. Wani Bafaranshe Noël Bernard ne ya gano haka a 1899. Sai a 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya yi ba funfunar, in dai an ba irin suga da sinadarai a cikin kwalba.

Yadda ake yi yanzu, a dafa wani jeli da ake kira aga da suga da gishirin taki, a zuba a kwalabe a turara su a tukunyar firesha don kashe ƙwayoyin cuta, a wanke irin da ruwan bilic mai rauni sannan a zuba. Tsafta ita ce komai, ƙura ɗaya ta faɗa ciki bayan kwana kaɗan za ka ga kwalbar ta yi gashi kore. Na ƙasa sun fi na bishiya taurin kai sosai, wasu sai an ajiye su a duhu, wasu sai sun yi watanni a firij kamar sun ga hunturu, shi ya sa masu sana'ar kan cire kwanson tun yana kore kafin ɓawon irin ya yi tauri. Daga shuka zuwa fure shekara 3 zuwa sama.

To wannan jiran shi ne mutane ba sa so, sai su ɗauki fatanya su nufi daji. Kuma asarar biyu ce, wurin ya rasa shukarsa, shi ma wanda aka tono sau da yawa mutuwa yake a tukunya don an raba shi da ƙasarsa da funfunarsa. A Ingila masu tara furanni sun tono okid ɗin da ake ce wa takalmin mata har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1930 aka ga guda ɗaya tak a Yokshiya, aka riƙa gadinsa. Lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya fara aikin ninka irin su daga iri a 1983, yanzu an mayar da wasu daji.

Ba masu ado kaɗai ba ne. A Turkiyya ana busar da dankalin a niƙa, shi ne salep da ake sha da madara lokacin sanyi ana kuma sa shi a askirim ɗin birnin Maraş mai danƙo, kilo ɗaya na garin sai ya ci dankali sama da 1,000. A Zambiya akwai abincin da ake kira cikanda, ana dafa dankalin da garin gyaɗa da barkono ya daskare kamar alala mai tauri a yayyanka, da can abincin ƙauye ne amma da ya shiga birane sai aka koma kwaso dankalin daga tsaunukan kudancin Tanzaniya. Wannan na cikin dalilan kafa gandun dajin Kitulo a waɗannan tsaunukan a 2005. A nan maganar ta fi wuya gaskiya, don masu tonon yawanci mata ne da yara marasa ƙarfi da ke ci da shi.

A dokance duk okid yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, ba a tsallake iyaka da na daji sai da takarda, wasu kamar Paphiopedilum, dangin takalmin mata na Asiya, an hana cinikin na dajinsu gaba ɗaya. Masu kiwo na ƙwarai sukan nemi izinin mai wuri da na hukuma, su ɗauki kwanso ɗaya ko biyu su bar uwar a inda take, su rubuta wurin da ranar. Wasu ko hoto suka sa a intanet ba sa faɗin wurin. A dazukan Afirka ta Yamma har da Najeriya akwai okid na ƙasa dangin Eulophia, wasunsu kan fito da fure ba ganye bayan gobarar daji, kafin ruwan farko ya sauka.