Waiwaye: Masu tsara kiɗan tsofaffin waƙoƙin Indiya, da yadda sunansu ya ɓace

A Indiya ba a daɗewa ba a tayar da gardama kan tsofaffin waƙoƙin fim ba. Yau a ji an ɗauko waƙar da ta shekara 50 an ƙara mata ganguna an cusa a sabon fim, masoyanta su yi ca. Gobe a ji wani ya sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, ko ta Kishore Kumar, wanda ya rasu a 1987, ta rera abin da bakinsu bai taɓa furtawa ba. A 2024 sai da babbar kotun Mumbai ta ba mawaƙi Arijit Singh kariya daga masu kwaikwayon muryarsa da na'ura. Tambayar dai ɗaya ce ake ta juyawa: waƙa ta wane ne? Wasu su ce ta mai murya, wasu su ce ta marubucin baitoci, wasu su ce ta daraktan kiɗa da ya ƙirƙiri karin, lauyoyi kuma su ce ta kamfanin da ke riƙe da faifan. Akwai mutum na biyar da ba ya shiga lissafi, alhali sau da yawa aikinsa ne masu sabuntawar ke fara kwasa. Shi ne mai tsara kiɗa.

Bahaushen da ya tashi da kallon Indiya ya san aikin mutumin nan ko da bai san akwai shi ba. Wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hindi yakan gane waƙa tun daga tashin gogayen farko, kafin mawaƙiya ta buɗe baki. To, wannan share fagen, da kiɗan da ke cike tsakanin baiti da baiti, da gogen da ke bin bayan murya yana amsa mata, duk mai tsarawa ne yake rubuta su. Daraktan kiɗa yadi yake kawowa. Yanka da ɗinki da aikin wuya na wani ne.

Farkon labarin sananne ne. Fim mai magana ya iso Indiya a 1931, kuma na farkon ya zo da waƙoƙi 7. A lokacin jarumi da kansa yake rerawa a gaban kyamara, makaɗa na ɓoye a gefe. A 1935 wani sitidiyo a Kalkata ya fara naɗar waƙa tun da farko, jarumi ya riƙa motsa baki daga baya. Tun daga nan murya ta rabu da fuska, kiɗa kuma ya koma ɗakin naɗa, inda ba mai ganin waɗanda ke yin sa.

Inda masu ba da tarihin suka fi tsallakewa shi ne ƙarshen shekarun 1940, musamman 1949. A ganina a nan aka yi rabon da har yau ake cin gadonsa.

A wannan shekarar fim ɗin Mahal ya fito da wata waƙa da ta game ƙasa. A jikin faifan garmaho ba a rubuta sunan wadda ta rera ba, sai Kamini, sunan da jarumar ke amsawa a cikin fim. Masu sauraro suka dami gidan rediyo da wasiƙu suna neman sanin mai muryar, har aka sanar cewa Lata Mangeshkar ce. Daga wannan zamanin sunan mawaƙi ya samu gindin zama a faifai da allon sinima, kafin shekarun 1950 su ƙare ma an ware masa lambar yabo tasa a bikin Filmfare. Mawaƙa sun fito daga duhu ne saboda jama'a sun tambaya. Kunne ya san murya ta mutum ɗaya ce, don haka yakan nemi sunansa. Gogaye 30 da ke tashi tare kuwa ba wanda ya taɓa tunanin cewa hannu ɗaya ne ya zana musu hanya.

A shekarar dai ta 1949 aka yi dokar hana giya a lardin Bombay (Bombay shi ne tsohon sunan birnin Mumbai). Dokar ba ruwanta da fim, amma ta zo daidai lokacin da Turawan Ingila suka gama tattara nasu ya nasu bayan 'yancin kai na 1947, gidajen rawa da manyan otal-otal suka rasa masu cika su. Su wa ke kiɗa a waɗannan wurare? Galibi 'yan Goa.

Goa ƙaramin yanki ne a gaɓar teku kudu da Bombay. Turawan Fotugal sun kama shi a 1510, ba su sake shi ba sai a Disamban 1961. Tun ƙarni na 16 majami'un ƙauyukansa ke da makarantu inda ake koya wa yara gogen Turawa da waƙar coci da karanta rubutun kiɗa, wato ɗigo-ɗigon nan da ake jerawa a kan layuka biyar. Aikin yi ya yi ƙaranci a gida, sai samarinsu suka bazu: wasu badujalar soja, wasu fadojin sarakuna, wasu gidajen sinima suna raka fim marar magana da kiɗa, wasu otal-otal na Bombay da Kalkata da Lahore. A 1935 wani baƙar fatan Amurka mai suna Leon Abbey ya kawo ƙungiyar makaɗansa otal ɗin Taj Mahal na Bombay, wasu makaɗa baƙaƙen fatan Amurka suka biyo baya, 'yan Goa suka zauna kusa da su suka sha kiɗan jaz daga tushe. Antonio Xavier Vaz, wanda aka fi sani da Chic Chocolate, ya ƙware a busa begila har ana kiransa Louis Armstrong na Indiya, da sunan shahararren mai busa begilan jaz na Amurka.

Da kasuwar otal ta faɗi, ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma masu gidan suna matuƙar buƙatarsu. Yawancin daraktocin kiɗa na Bombay sun yi karatunsu ne a tsarin gargajiya na arewacin Indiya, inda ake koyo daga bakin malami, kari ɗaya ake bi ana yi masa ado, ba a rubuta wa kowane makaɗi nasa layi daban. Wannan ilimi ne mai zurfin gaske, amma ba a gina shi don tafiyar da mutum 50 ko 60 a ɗaki ɗaya ba, su tashi tare su sauka tare. Furodusoshi kuma sun ji irin kiɗan da ke cikin fina-finan Amurka, suna son nasu ya cika kunne haka. Wanda zai iya ɗaukar karin da aka rera masa ya raba shi ga gogaye da sarewa da begila da piyano, ya rubuta a takarda, shi ne ɗan Goa.

Ga yadda aikin yake gudana. Darakta zai zauna da ƙaramin piyanon iska a gabansa ya rera amshi da baiti. Mai tsarawa na gefe da fensir yana rubutawa. Daga ɓangaren masu ɗaukar fim za a ce tsakanin baiti na ɗaya da na biyu jaruma za ta gangaro daga tudu, ana son daƙiƙa kaza na kiɗa. Shi zai je ya cike wannan gurbin, ya ƙaga share fage, ya ɗora kari na biyu a ƙarƙashin murya, a kwafe wa kowane makaɗi rabonsa. Ranar naɗa kowa na ɗaki ɗaya, a yi ta gwaji, sannan a ɗauka gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya kuskure, a koma farko. A faifan da bai wuce minti 3 da 'yan kai ba, abin da ya fito daga kan mai tsarawa kan cinye kaso mai tsoka.

Sebastian D'Souza, haifaffen 1906, yana jagorantar makaɗan wani otal a Lahore lokacin da aka raba Indiya da Pakistan. Ya gangaro Bombay, ya yi aiki da daraktan kiɗa O.P. Nayyar, daga 1952 kuma ya zama mai tsara wa daraktocin kiɗa Shankar da Jaikishan har tsakiyar shekarun 1970. Duk wanda ya san yadda gogaye ke malala a fina-finan Raj Kapoor na wancan zamani ya san hannun Sebastian. Frank Fernand ya bar jaz ya shigo. Chic Chocolate ya zama na hannun daman daraktan kiɗa C. Ramchandra. Ba 'yan Goa kaɗai ba ne: akwai Cawas Lord da ɗansa Kersi daga al'ummar Parsi, akwai Manohari Singh mai busa saksofon da ya zo daga Kalkata, wanda shi da Basu Chakravarty suka riƙa tsara wa daraktan kiɗa R.D. Burman.

Abin lura shi ne matsayin da suka shigo da shi. Sun shigo a matsayin ma'aikatan yini, kamar yadda suka saba a otal: ka yi kiɗa, a biya ka, ka tafi gida. Damuwarsu ta farko ma ita ce kuɗin ya fito, don furodusa kan iya riƙe ladan makaɗi wata da watanni. A shekarun 1950 suka kafa ƙungiyar makaɗan fim, aka kasa su aji-aji, aka tsayar da farashi, aka kuma samu a riƙa biya da an gama naɗa. Nasara ce ta gaske ga mai iyali da ke zaman haya a Bombay. Sai dai tsarin ya auna kowa da awoyin da ya yi, ba a ware wanda ya ƙaga kiɗan daga wanda ya karanta shi a takarda ba, sai dai ta yawan lada. A lokacin ba wanda ya hango cewa faifan da aka naɗa da safe zai ci gaba da kawo kuɗi bayan shekara 60. A allon sinima wani lokaci akan ga "Sebastian" tsurarsa ƙarƙashin mataimaka. A faifai da rediyo kuwa babu shi. Da dokar haƙƙin mallaka ta 1957 ta zo, ta tarar da wannan rabon a ƙasa ta bi shi: mai kiɗa a idonta shi ne wanda ya ƙirƙiri kari, abin da aka yi wa fim bisa lada kuma na furodusa ne.

Wanda ya fi kowa yunƙurin fita daga wannan keji shi ne Anthony Gonsalves, ɗan ƙauyen Majorda, haifaffen 1927. Ya zo Bombay yana matashi, ya zauna ya koyi kare-karen gargajiyar Indiya da gaske, ya riƙa rubuta musu rakiyar da ba za ta ɓata su ba. A 1958 ya haɗa makaɗa 110 ya yi wasa a harabar kwalejin St. Xavier's, Lata Mangeshkar da Manna Dey na rerawa, da sunansa a matsayin mawallafi. Abin bai ɗore ba. A 1965 ya tafi Syracuse a Amurka, daga baya ya koma Goa ya yi zamansa. A 1977 tsohon ɗalibinsa na goge, daraktan kiɗa Pyarelal, ya sa aka raɗa wa Amitabh Bachchan sunan malamin nasa a fim ɗin Amar Akbar Anthony. Miliyoyin mutane, har da na Kano da Zinder, sun rera sunan Anthony Gonsalves suna zaton na wasa ne.

Talabijin bai ƙirƙiri matsalar ba, amma shi ya sa ta zama ɗabi'a. Doordarshan, tashar talabijin ta gwamnati, ta fara a Delhi a 1959, ta iso Bombay a 1972 da shirin waƙoƙin fim na Chhayageet da shirin hira na Tabassum, wanda ya kai har 1993. Daga 1982, da aka haɗa ƙasar da tasha ɗaya mai launi, shirin waƙoƙin fim na Chitrahaar ya zama rabin awar da unguwa guda kan taru a gidan mai akwati. Daga bisani Rangoli ya biyo baya a safiyar Lahadi. Me ake gani a waɗannan shirye-shirye? Jarumi zaune gaban piyano yana danna abin da bai iya ba, ko riƙe da begila kumatu a kumbure, sautin kuwa na wani ne da ba a taɓa nunawa ba. Da tashoshin kasuwa suka zo a shekarun 1990, Antakshari da Sa Re Ga Ma suka mayar da tsofaffin waƙoƙi abin gasa. Mai gabatarwa zai ambaci fim, da mawaƙi, da marubuci, da daraktan kiɗa, sannan mai piyano a bayan dandali ya fara share fagen Sebastian ɗigo bayan ɗigo ba tare da an kira sunansa ba.

A daidai wannan lokacin sana'ar kanta ke mutuwa. Piyanon lantarki da naɗa kashi-kashi sun sa mutum ɗaya na iya yin aikin ɗaki guda, irin abin da muka gani a sitidiyoyin Kano, inda kowa ya san mawaƙi amma sai 'yan ciki suka san mai kiɗan. A.R. Rahman, wanda shi ma da danna wa wasu piyano ya fara, yana cikin waɗanda suka riƙa jera sunayen makaɗa a kwalin kaset bayan fitowarsa a 1992. Ga tsofaffin hannu abin ya zo a makare. Sebastian ya riga ya koma Goa yana koya wa yara kiɗa, a can ya rasu a 1998.

Gyaran dokar da majalisa ta yi a 2012, wanda marubucin waƙa Javed Akhtar ya tsaya wa, ya ba marubuta da daraktocin kiɗa kaso da ba za a iya sa su sallama shi ba, ya ƙarfafa haƙƙin masu rerawa da masu kaɗawa, ya kuma ce sai an shekara 5 kafin wani ya sake naɗa waƙar wani bisa lasisin doka. Mawaƙa suka kafa ƙungiyar karɓar haƙƙinsu a 2013, daga baya ta faɗaɗa ta haɗa da makaɗa. Mai tsarawa zai iya shiga nan a matsayin wanda ya kaɗa goge ko ya busa begila, amma a matsayin wanda ya rubuta kiɗan ba a ware masa gurbi da suna ba. Gonsalves ya rasu a Janairun 2012, 'yan watanni kafin a zartar da gyaran.

Ga kuma batun wa'adi. A dokar Indiya kariyar kari da baitoci tana kaiwa shekara 60 bayan rasuwar mai su. Kariyar faifan da aka naɗa kuwa shekara 60 ce daga fitowarsa, kuma a cikin faifan ne aikin mai tsarawa yake zaune. Faya-fayan 1952, shekarar da Sebastian ya fara aiki da Shankar da Jaikishan, wa'adinsu ya cika a ƙarshen 2012.