Wai mene ne simuleshan ɗin nan?

Jiya ƙanwata mai karatun aikin walwalar jama'a, wanda su ke ce ma soshiyal wok, ta ce min "Yaya ɗan sammin data zan shiga simuleshan", na ce to wannan kuma wane gari ne. Ashe kwaikwayo ne kawai, a shirya maka yanayi kamar gaske ka gwada aikinka a ciki, in ka kwafsa ba wanda ka cuta.

Abin ma ba yau aka fara ba. Tun 1929 wani Ba'amurke Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgin sama kana ƙasa, a 1963 kuma likita Howard Barrows ya fara koya ma lafiyayyun mutane yin kamar marasa lafiya don ɗaliban likitanci su gwada a kansu. Korona da ta rufe makarantu a 2020 ita ta ƙara ingiza abin intanet.

Na ja kujera na kalla. A fuskar kwamfutar ga wata mata, miji ya tafi ya bar ta da yara, a ƙasa an jero tambayoyi ka zaɓa. Yarinyar nan da gaggawa ta danna "me ya sa ba ki kai ƙara ba", sai matar ta kau da kai ta tsuke baki, shi ke nan hira ta mutu, dole ta koma farko ta fara da tambayar lafiyar yaran sannan matar ta saki jiki. Wani lokacin ma ɗan wasa ne na gaske ake haɗa ɗaliban da shi ta Zoom, a naɗa, malami ya dawo da bidiyon yana nuna inda ka katse mutum da inda ka yi surutu ya yi yawa. Wallahi wannan ya burge ni, don da a gidan mutane ta yi wannan katoɓarar ai ba sakewa.

Inda na ke da ja, matar nan ta kwamfuta ba tamu ba ce, minti biyar ta zazzage cikinta tana kallon idonka. Je ka Ƙofar Sauri ko Rafin Daɗi ka gani mana, sai ka bi ta wajen mai unguwa, in namiji ne ma zaure za ka tsaya, gaisuwa kaɗai ta ci lokaci, ga uwar miji zaune kan tabarma tana jan carbi tana saurare, duk abin da ka tambaya a ce maka lafiya lau alhamdulillahi. Na ce ma ƙanwar tawa su roƙi malamansu a yi masu na Hausa, a sa uwar mijin a ciki. Ta ce to, amma dai in fara turo datar.