Dokar Haya ta Legas: Kuɗin Gaba, Rasit da Wa'adin Tashi

Duk wanda ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mushin ko Obalende ya san irin gidajen da akasarin jama'a ke haya: dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna hagu da dama, banɗaki da madafa a can ƙurya kowa na amfani da su. A irin waɗannan gidaje ba kasafai ake rubuta yarjejeniya ba. Ka biya dillali, ka biya mai gida, a miƙo maka makulli, shi ke nan. Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan haya ke zaton ba su da wata kariya ranar da mai gida ya ce su kwashe kayansu. Ba haka ba ne. Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta ɗauki haya a matsayin yarjejeniya ko a rubuce take ko da baki aka ƙulla ta. Sai dai dokar ba ta aiki a Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island, haka ma gidajen da makarantu ke ba ma'aikatansu da ɗalibansu.

Mu fara da kuɗin gaba. Sashe na 4 ya hana mai gida ko wakilinsa karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda yake zaune tuni kuma, idan wata-wata yake biya, ba a neman fiye da na wata shida a hannunsa. Idan na shekara ne, ba a wuce na shekara ɗaya. Hukuncin saɓawa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata uku. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne laifin ya hau kan ɓangarorin biyu: ɗan hayan da ya miƙa kuɗin shekara biyu don kada wani ya riga shi ɗaki, shi ma ya taka doka. A nan, a ganinmu, dokar ta yi rauni, domin wanda ke neman wurin kwana ba shi da bakin musu, kuma da wuya ya kai ƙarar abin da shi ma yake da hannu a ciki.

Rasit kuwa shi ne gatan ɗan haya. Sashe na 5 ya wajabta wa mai gida ya bayar da shi duk lokacin da ya karɓi kuɗi, kuma dole ya ƙunshi ranar biya, sunaye da adireshin mai gida da ɗan haya, bayanin ɗakin da inda yake, adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya wa. Ƙin bayarwa laifi ne mai tarar naira 100,000. Kada a raina layin nan na tsawon lokacin da aka biya wa. Inda babu takardar yarjejeniya, kotu na duba yadda ake biyan kuɗi ne ta gane irin hayar, daga nan kuma take gane tsawon wa'adin da ya kamata a ba ka. Rasit da aka rubuta wa "kuɗin ɗaki" kawai, ba daga wata kaza zuwa wata kaza ba, rabin amfaninsa ya tafi. Saƙon banki na nuna an tura kuɗi, amma ba ya faɗin na wane lokaci ne. Kuɗin shara, gadi ko ruwa da ake haɗawa, shi ma da rasit ɗinsa daban, kuma ɗan haya na da ikon neman lissafin yadda aka kashe shi a rubuce aƙalla duk wata shida.

Sai batun tashi, inda rigima ta fi yawa. Sashe na 13 ya tsara notis, wato wa'adin tashi, kamar haka idan ba a yi wani sharaɗi tun farko ba: mai biyan wata-wata a ba shi wata ɗaya; mai biyan wata uku-uku ko shida-shida a ba shi wata uku; mai biyan shekara a ba shi wata shida; wanda aka bari yana zaune bisa yardar mai gida kawai, mako ɗaya. A lura da "idan ba a yi wani sharaɗi ba". In ka sa hannu a takardar da ta ce notis ɗin wata ɗaya ya isa alhali shekara kake biya, takardar za a bi. Don haka a karanta kafin a sa hannu, wanda bai iya Turanci ba ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa, ba dillalin ba. Hayar da aka yanke wa ranar ƙarewa kuwa, ranar na cika ta ƙare, ba sai an ba da wannan notis ba. Bashi ma na cinye wannan haƙƙi: mai biyan wata-wata da kuɗin wata shida ya taru a kansa, hayarsa ta faɗi.

Cikar notis ba ta ba mai gida damar fitar da kaya waje ba. Akwai takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da ɗan haya cewa mai gida zai nemi kotu ta karɓar masa ɗakinsa. Bayan ta cika ne ake shigar da ƙara a kotun majistare ko babbar kotu, a aiko da sammaci, a saurari kowa. In alƙali ya yanke a tashi, ma'aikatan kotu ne ke zartarwa. Ɗan haya kuma ya sani cewa duk kwanan da ya ƙara bayan ƙarewar haya, kotu na iya sa shi ya biya kuɗin zamansa. Jan ƙafa ba kyauta ba ne.

Masu gida da yawa na gajiya da wannan doguwar hanya, sai su kwance ƙofar ɗaki, su yaye kwanon rufi da damina, su datse wuta, ko su kulle banɗaki. Sashe na 44 ya sa rushe gini, cire rufi ba da izinin kotu ba, ko yi wa ɗan haya barazana da tsangwama don a kore shi, a cikin laifuka masu tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Sashe na 8 kuma ya hana mai gida riƙe kayan ɗan haya ko toshe masa abin da 'yan gida ke tarayya a kai. Wanda aka yi wa haka ya ɗauki hoto nan take, ya samu maƙwabta biyu da suka gani, kada ya rama da hannu.

Ƙarin kuɗin haya dokar ba ta sa masa iyaka ba. Ta dai ba ɗan haya damar zuwa kotu a ƙarƙashin sashe na 37 ya nemi a bayyana ƙarin a matsayin wanda ya wuce ƙima. Alƙali zai duba abin da ake biya a gidaje irin wannan a unguwar, kuma ba a korar mutum muddin ƙarar na gaban kotu. Ga wanda ba shi da kuɗin lauya, gwamnatin jihar na da cibiyar sasanci ta Citizens' Mediation Centre da ke zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. In kuma a gaban Sarkin Hausawa ko dattawan unguwa aka sasanta, a rubuta ranar tashi da adadin bashin da aka amince, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.