Zuwa Benis da yara: abin da iyaye ke tambaya

Da gaske babu mota a cikin garin?

Babu ko ɗaya. Mota da bas suna tsayawa a dandalin Piazzale Roma da ke bakin garin, jirgin ƙasa kuma a tashar Santa Lucia. Daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa, har keke ma an hana hawa. Birnin yana arewa maso gabashin Italiya, a kan ƙananan tsibirai 118 da gadoji fiye da 400 suka haɗa. A jirgi ake ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti, a jirgi ake kwashe shara. Uwa za ta huta da fargabar mota, amma ta riƙe hannun ƙaramin ɗanta, domin yawancin bakin ruwan babu shinge.

Mai jariri fa?

Nan wahalar take. Kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka, kafin a yi taku ɗari ga wata. Mai keken jariri zai yini yana ɗaga shi. Macen da ta iya goyo ta fi kowa samun sauƙi a Benis, zani da majanyi sun wadatar. A kuma rage kaya, domin babban akwati kan gajiyar da maigida tun kafin a isa masauki. Shawarata a kama ɗaki kusa da tashar jirgin ruwa, ko da ya ɗan fi tsada.

Dole ne a hau gondola?

Ba dole ba ne. A 2024 kuɗin wannan baƙin kwalekwale yuro 90 ne na rabin awa da rana, mutum biyar kuma yake ɗauka. Jirgin haya na gari, wanda suke kira vaporetto, shi ne na kowa da kowa: layi na 1 yana bin babbar hanyar ruwan a hankali, ya ratsa ƙarƙashin gadar Rialto da aka kammala a 1591, kuma yaran da ba su kai shekara shida ba kyauta suke shiga. In yara sun matsa, akwai traghetto, gondolar da ke tsallakar da mutane a kan yuro 2.

Abinci da sallah?

Kifi ya wadata. A dai riƙa tambaya, domin naman alade yana shiga abincinsu sosai, wasu kuma na zuba giya a dafuwar shinkafa. Ruwan famfunan dandali na sha ne. Masallatai suna can Mestre da Marghera a kan tudu, don haka a tsara yawon yadda za a riƙa komawa masauki a yi sallah.

Me ya fi burge yara?

Jama'a na tururuwa zuwa dandalin San Marco, da tsibirin Murano inda ake hura gilashi tun 1291. Ni kuwa gidan tarihin halittu nake so iyali su fara gani. Yana cikin Fondaco dei Turchi, ginin da ya zama masaukin fataken Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1621. A ciki akwai ƙwarangwal ɗin wata dabbar zamanin da, mai tsawon kusan mita bakwai, sunanta Ouranosaurus nigeriensis. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar, ayarin Giancarlo Ligabue, wani mai bincike ɗan Benis, ya haƙo ta a 1973, kusa da ita kuma ga ƙoƙon kan wani ƙaton kada da aka samo a yankin. Yaron da ya tashi a Agadas ko Damagaram ya cancanci ya tsaya gabanta ya ji cewa daga ƙasarsu ta fito.

Yaushe ya fi kyau a je?

Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba. Yuli da Agusta akwai zafi, sauro da cunkoso. Daga kaka zuwa hunturu teku kan hau gari; a Nuwambar 2019 ya kai santimita 187 a ma'aunin hawan teku, ko da yake shingen tare ruwan teku mai suna MOSE da ya fara aiki a Oktobar 2020 ya rage abin ƙwarai. Tun 2024 masu zuwa yini ɗaya kan biya kuɗin shiga a ranakun cunkoso, an fara da yuro 5, ban da yaran da ba su kai shekara 14 ba da kuma masu kwana a garin.