Ɗaukar Hoton Zane-zanen Gaɓar Teku

Ɗaukar hoton zane-zanen gaɓar teku wani reshe ne na ɗaukar hoton halittu. A nan mai kyamara yakan kawar da kai daga faɗin teku, ya sunkuya ga abin da ruwa da iska suka zana a ƙasa: layukan yashi, tsagar duwatsu, kumfa, da ciyawar teku da igiyar ruwa ta watso.

Yawancin waɗannan zane-zane ba sa kwana. A galibin gaɓoɓin duniya teku kan cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kowace cika tana shafe abin da ta gabanta ta bari. Shi ya sa masu wannan aiki ke duba jadawalin ruwa kafin su fito. Ruwan ya fi ja da baya a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa.

Yashin da ruwa ya janye ya bari yakan jera kamar ƙananan kunyoyin gona, kuma yana da abin karantawa. Idan igiyar ruwa ce mai kai da komo ta yi shi, ɓangarorin kunyar biyu sukan zo daidai. Idan ruwa mai gudu ne, gefen da ya fi tsayuwa shi ke fuskantar inda ruwan ya nufa. Da tsakar rana duk wannan ba ya fita a hoto. Sai da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a kaikaice, kowace kunya ke samun inuwarta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a wannan fanni shi ne Edward Weston na Amurka (1886–1958). Daga 1929, bayan ya koma garin Carmel a jihar Kalifoniya, ya riƙa zuwa gaɓar Point Lobos da babbar kyamara mai ƙafa uku, fim ɗinta inci 8 da 10, yana ɗaukar duwatsu da saiwoyin itatuwa daga kusa. A 1932 shi da Ansel Adams da wasu masu ɗaukar hoto suka kafa ƙungiyar f/64, sunan da suka samo daga ƙaramar ƙofar haske ta kyamara, wadda ke sa komai ya fito tar daga gaba har baya. Wannan tsari ya dace da gaɓar teku ƙwarai, domin zane ba ya jure dishi-dishi. A Point Lobos ɗin ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a 1948, ciwon Parkinson, mai sa jiki karkarwa, ya riga ya kama shi. Wani sashe na gaɓar yanzu sunansa yake amsawa.