Cocin São Francisco da ke Salvador a Brazil

Cocin São Francisco coci ne na ɗarikar Katolika haɗe da gidan sufaye, yana tsohon garin Salvador na jihar Bahia a Brazil, a unguwar da ake ce wa Pelourinho. Sufayen ƙungiyar Faransiskan ne suke da shi, mabiyan Waliyi Faransis na Assisi a Italiya wanda aka san shi da gudun duniya, amma duk da haka cocin nasu na cikin waɗanda suka fi kowanne shan zinare a duk ƙasar.

Sufayen sun iso Salvador a 1587, lokacin garin ne hedikwatar mulkin mallakar Fotugal a Brazil. Ginin farko ya lalace bayan da sojojin Holan suka mamaye garin a 1624, sai a 1686 aka fara sabon gidan sufayen, shi kuma cocin aka aza tubalinsa a 1708 aka gama a 1723, sai dai aikin ƙawata cikinsa ya ɗauki shekaru da dama bayan nan.

In ka tsaya a waje ba za ka ce akwai wani abu ba, fuska ce ta dutse da hasumiya biyu kawai. Amma kana shiga sai ido ya rasa inda zai sauka, don bango da ginshiƙai da bagade duk katako ne da aka sassaƙa da siffar ganye da tsuntsaye da mala'iku sannan aka lulluɓe shi da fallen zinare siriri ƙwarai, ba a bar ko tafin hannu ɗaya fili ba. Wannan shi ne salon barok da ya yi tashe a Turai a ƙarni na 17 da na 18, manufarsa mai ibada ya ji girman wurin ya cika masa zuciya tun kafin fada, wato limamin cocin, ya buɗe baki. Shingayen da ke gefe kuwa na baƙin icen jakaranda ne, kuma baƙin nan shi ke ƙara fito da hasken zinaren.

A ganina tsakar gidan sufayen ta fi komai kyau. An zagaye barandarta da tayil shuɗi da fari da aka kawo daga Lisbon, babban birnin Fotugal, a shekarun 1740, kowane allo da hotonsa da darasinsa kan abubuwa irin su mutuwa da kwaɗayin dukiya, an kwaikwayo su ne daga zanen Otto van Veen, wani mai zane haifaffen ƙasar Holan.

Dukiyar da ta yi wannan aiki daga gonakin rake da zinaren yankin Minas Gerais na Brazil ta fito, kuma gumin bayin Afirka ne. Hausawa ma an kai su Bahia da yawa a farkon ƙarni na 19, har suka shirya bore a 1807, sannan wasunsu suka shiga tawayen musulmi da ake kira tawayen Malê a 1835 a titunan garin nan.

UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Sai dai katako da damshin gaɓar teku ba sa shiri, kuma gyara ya yi ta jinkiri, ranar 5 ga Fabrairu 2025 wani ɓangare na silin cocin ya rufto kan masu ziyara, wata matashiya ta rasu wasu biyar suka jikkata, abin da ya sa aka rufe cocin aka shiga aikin gaggawa.