Funke Opeke da Wayar Intanet da ta Ratso Teku Zuwa Legas

Kafin 2010, kusan duk intanet din Najeriya na shigowa ne ta hanya biyu: tauraron dan Adam mai tsada da jan kafa, ko wayar karkashin teku ta SAT-3, wadda kamfanin sadarwa na kasa, NITEL, ke rike da makullinta. Ranar da SAT-3 ta samu matsala, bankuna da shagunan kafe na intanet su shiga halin ni 'yasu.

Wannan matsalar Funke Opeke ta tarar da ta dawo gida a 2005. Injiniyar lantarki ce, ta yi karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ta karo digiri na biyu a Jami'ar Columbia a Amurka, ta kuma kai babban matsayi a kamfanin Verizon. MTN Najeriya ta dauke ta shugabar sashen fasaha, daga nan ta dan taba aiki a NITEL lokacin da kamfanin Transcorp ya saye shi. Ba ta dade a ko daya ba. A 2008 ta kafa kamfanin MainOne don shimfida sabuwar wayar intanet ta karkashin teku.

Aikin ya ci kimanin dala miliyan 240: waya mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, da reshe a Akra. An kunna ta a watan Yulin 2010. A cikin wayar akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ne ke daukar bayanai a cikinsa. Da yake hasken na raunana da nisa, ana dasa na'urorin kara masa karfi a kan wayar duk bayan 'yan gomman kilomita, wutarsu kuma daga tashar bakin teku ake turo ta. Kusa da gaba ana lullube wayar da karfe a binne ta, don angar jiragen ruwa da komar masunta ne suka fi tsinka ta.

Farashin intanet na sari ya fadi a Legas. Sai dai wahalar gaske a tudu take. Jihohi kan karbi kudin haka rami kafin a shimfida waya, kuma duk da an amince da Naira 145 kan kowace mita, jihohi da dama sun dade suna karbar ninkin-ba-ninkin haka. Ga masu gyaran titi da katafila na tsinka waya, ga barayi, ga kudin dizal. Shi ya sa 'yan harkar suka dade suna korafin cewa kai bayanai daga Legas zuwa Abuja ya fi kai su Landan tsada, balle Kano ko Maiduguri. A karshen 2019 ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya nada Opeke shugabar kwamitin da ya tsara shirin fadada intanet na 2020 zuwa 2025.

Kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne kan dala miliyan 320, aka kammala cinikin a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi hudu, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka tsinke a tekun kusa da Kodebuwa. Gyaran ya dauki makonni: sai jirgin gyara ya iso, a gano wurin, a kamo bakin wayar da kugiya daga kasan teku, a hada zaren daya bayan daya a cikin jirgi, a gwada, sannan a mayar.